Garuruwan Kan Tudu na Italiya da Iyalin da Ke Zagaya Su a Mota

Daga watan Mayu zuwa Satumba na kowace shekara, iyalai masu ɗan hali daga Jamus da Ingila da Amurka, yanzu kuma har da ƙasashen Asiya, sukan yi wata tafiya da ta zama al'ada mai tsari sananne. A sauka a Roma ko Fulorens, a ɗauki motar haya, uba ko uwa a sitiyari, yara a baya, a nufi tuddan Tuskani da Umbriya a tsakiyar Italiya. Cikin mako guda sai a taɓa Orvieto da Cortona da Montepulciano da Pienza da Siyena da San Gimignano da Volterra, wata rana garuruwa biyu, wata rana uku. Labarin da ake bayarwa bayan an dawo gida shi ma kusan iri ɗaya ne: an ga ƙauyukan da zamani bai taɓa ba, inda rayuwa ke tafiya a hankali cikin kwanciyar rai kamar yadda take tun shekaru ɗari bakwai. Littafin Frances Mayes na 1996 a kan gidan da ta saya kusa da Cortona, da fim ɗin da aka yi daga gare shi a 2003, sun ƙara wa wannan labari ƙarfi sosai. Abin da nake son kafawa a nan shi ne cewa labarin ƙarya ne a tarihi, kuma gaggawar da ke cikin tsarin tafiyar ce ke sa iyali su koma gida da shi, domin wanda ya ba gari awa biyu na tsakar rana ba zai ga komai ba sai fuskar da aka shirya masa.

Mutane ba sa barin fili mai ruwa da sauƙin noma su hau kan dutse su gina gida don sha'awar kallo. Tsoro ne ya kai su. Wasu daga cikin garuruwan, kamar Volterra da Cortona da Orvieto, Etruskawa ne suka kafa su tun kafin Roma ta yi ƙarfi. Wasu kuwa sun taso ne daga ƙarni na 10 zuwa na 12, lokacin da masu ƙasa suka riƙa tattara manoma daga gonaki zuwa ƙauyuka masu ganuwa a kan tudu, don tsaro kuma don su riƙe su a hannu. A kwarin Valdichiana da gaɓar Maremma ƙasa fadama ce, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kisa, saboda haka hawa tudu guje wa cuta ne. Bahaushe da ya san dalilin da ya sa aka yi wa Kano ganuwa da ƙofofin da ake rufewa da dare ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Amma a Italiya tsoron bai tsaya a bakin ƙofar gari ba, ya shiga har cikin lunguna. Hasumiyoyin San Gimignano, waɗanda aka ce sun kai 72 a zamanin ƙarfin garin, 14 kuma suka rage, gidajen attajirai ne suka gina su don gasa da kuma kare kai daga maƙwabta. Gidan Ardinghelli da gidan Salvucci sun shafe shekaru suna zubar da jinin juna a titunan da yau ake sayar da askirim. Abin ya kai ga hukumar garin ta kafa doka a 1255 cewa kada wani ya gina hasumiyar da ta fi ta hukuma tsawo.

To, me ya sa garuruwan suka tsaya a yadda suke? Domin an karya su ne. San Gimignano ta yi arziki da cinikin za'afaran da ba da rance da kuma matafiyan da ke bin hanyar Roma. Annobar 1348 ta kashe kaso mai yawa na mutanenta, a 1353 kuma ta miƙa wuya ga Fulorens, daga nan ba ta ƙara samun kuɗin da za ta rushe tsohon gini ta ɗora sabo ba. Fulorens, wadda ta ci gaba da arziki, ta rage tsawon nata hasumiyoyin tun da wuri, ta gina fadodi irin na sabon yayi. Siyena ma haka labarinta yake. Ta doke Fulorens a yaƙin Montaperti a 1260, ta fara faɗaɗa babbar majami'arta a 1339 da niyyar ta zama cikin mafi girma a duniyar Kirista, sai annobar nan ta ɗauke kusan rabin jama'arta, aikin ya tsaya. Bangon da ba a ƙarasa ba yana nan tsaye, baƙi suna hawansa don ɗaukar hoton rufin gari. A 1555, bayan doguwar ƙawanya da yunwa, birnin ya faɗi, daga baya kuma ya shiga hannun gidan Medici na Fulorens. Abin da baƙo ke kira kiyaye al'ada, a mafi yawan lokaci, talaucin da ya biyo bayan shan kaye ne ya yi aikinsa.

Ko filayen da ke tsakanin garuruwan, waɗanda ake ganin su ta tagar mota, shirun da ke cikinsu sabo ne. Har zuwa shekarun 1950, gonakin Tuskani cike suke da manoman kashi-mu-raba, tsarin da Italiyawa ke kira mezzadria: mai ƙasa ya ba da gona da gida, iyalin manomi su yi aiki, a raba amfani. Gidajen dutsen nan da ke zaune ɗai-ɗai a kan tuddai sun ɗauki iyalai manya, galibi ba wutar lantarki ba famfo, bashin mai gona kuma yana bin su daga uba zuwa ɗa. Da masana'antu suka bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai matasa suka kwashe zuwa birane. Dokar 1964 ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar kashi-mu-raba, ta 1982 kuma ta buɗe hanyar mayar da sauran zuwa haya. Makiyaya daga tsibirin Sardiniya ne suka zo da tumakinsu suka karɓi yawancin gonakin da aka bari a kudancin Siyena, kuma cukun da ake saye a Pienza a matsayin abincin gargajiyar wurin, da yawansa daga hannun zuriyarsu yake fitowa. Gidajen da suka zama kufai kuwa baƙi suka saye, ko kuma aka mayar da su masaukin gona bayan dokar 1985 da ta tsara wannan sana'a. Ke nan iyalin da ke ninƙaya a tafkin wanka na irin wannan masauki suna kwana ne a gidan da mazaunansa suka gudu daga wahalarsa shekaru sittin da suka wuce. Ban ga laifi a kwana a wurin ba. Laifin yana ga kwana a wurin sannan a koma gida ana cewa an ga rayuwar da ba ta canza ba.

A nan ne batun mota ya shigo. Tsarin gari uku a rana yana sa kowa ya isa kowane wuri a lokaci guda, tsakanin hantsi da la'asar, a ajiye mota a bayan ganuwa, a bi babban titi daga ƙofa zuwa dandali, a ci abinci, a koma. Kasuwanci kuwa yana bin ƙafar mai saye. Babban titi ya cika da shagunan tsaraba, mai gyaran takalmi da mai sayar da kayan ƙarfe da mahaucin unguwa su sauka sabuwar unguwa a gindin tudu, inda mazauna na gaskiya suka koma saboda sauƙin ajiye mota da kusancin asibiti da tashar jirgin ƙasa. Camucia a ƙarƙashin Cortona da Orvieto Scalo a ƙarƙashin Orvieto irin waɗannan unguwanni ne, kuma da wuya ka ga hotonsu a cikin labarin tafiyar kowa.

Masu kare wannan al'ada suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Sukan ce ba yadda za a yi iyali mai ƙananan yara su zagaya yankin ba tare da mota ba. Gaskiya ne. Layin dogo kwari yake bi, San Gimignano ba ta da tasha sam, sai a Poggibonsi, tashar da ke ɗauke da sunan Montepulciano kuma tana da nisan kilomitoci daga garin. Sai dai buƙatar mota don isa wuri daban take da mayar da mota ma'aunin tafiyar, inda ake ƙirga nasarar rana da yawan ƙofofin da aka shiga. Garuruwan da kansu sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan. Siyena ta fara rufe tsakiyarta ga motoci tun tsakiyar shekarun 1960, tana cikin na farko a Turai, yau kuma kusan kowane tsohon gari yana da yankin da aka taƙaita shigar mota, da kyamara a ƙofa, da tarar da ke bin baƙo har ƙasarsa ta hannun kamfanin haya.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: in ba don baƙi ba, da garuruwan sun mutu. Misalin da ake kawowa shi ne Civita di Bagnoregio a arewacin yankin Lazio, ƙauyen da ke kan dutse mai zaizayewa, wanda girgizar ƙasar 1695 ta fara watsa mutanensa, ba a kuma isa gare shi sai ta wata doguwar gadar ƙafa. Tun 2013 ake biyan kuɗin shiga, dubban ɗaruruwan mutane suna zuwa a shekara, kuɗin kuma ya taimaki hukumar Bagnoregio ƙwarai. Na yarda an ceci gine-gine, an samar da ayyuka. Amma mazaunan dindindin na Civita ba su wuce goma da 'yan kai ba. Kuɗin mai wucewa yana iya gyara bango, ba ya cika makaranta da yara, domin sana'o'in da yake rayawa na awa shida ne a rana, na wata biyar ko shida a shekara, masu yin su kuma da yamma sukan sauka gidajensu a ƙasa. Baƙon da ya kwana huɗu a gari ɗaya yana sayen burodi da safe, yana shiga kantin magani, yana cin abincin dare a inda mutanen gari ke ci, kuɗinsa yana ratsa shagunan da mazauna ma suke buƙata. Tambayar ke nan ta koma kan irin baƙin da ake so, da tsawon zamansu.

Akwai kuma masu cewa ai tun fil azal waɗannan garuruwa da matafiya suke ci, saboda haka ba wani sabon abu. Lalle hanyar Via Francigena, wadda masu ziyarar ibada daga arewacin Turai ke bi zuwa Roma, ita ta raya San Gimignano da Siyena, kuma babban asibitin Santa Maria della Scala da ke fuskantar majami'ar Siyena an gina shi ne don karɓar matafiya da marasa lafiya da jarirai da aka yar. Amma a dubi yadda tafiyar take. Sigeric, Akbishop na Canterbury, da yake komawa gida daga Roma a wajajen 990, an rubuta zangunansa guda 79, kuma tsakanin Siyena da San Gimignano kaɗai an ambaci zanguna uku. Mota tana cinye wannan tazara cikin ƙasa da awa ɗaya. Matafiyin da dole ya kwana, ya ciyar da dabbarsa, ya gyara takalminsa, ya yi jinya in ya faɗi ciwo, shi ya gina tattalin arzikin gari mai sana'o'i iri-iri. Wanda ke wucewa cikin awa biyu abin da zai iya ɗauka a hannu kawai yake saye.

Saura hujjar da iyaye suka fi faɗa: hutu muka zo, ba aji ba, yara kuma ba ruwansu da annobar ƙarni na 14. Wannan raina hankalin yara ne. Abin da ke gajiyar da yaro shi ne a ɗaure shi a kujerar baya a kan hanya mai lanƙwasa, a sauke shi a dandali na uku da ya yi kama da na biyu. A kai shi rijiyar San Patrizio a Orvieto a gani. Fafaroma Clement na Bakwai ya gudo garin bayan sojojin Sarki Charles na Biyar sun wawashe Roma a 1527, ya ji tsoron a yi wa Orvieto ƙawanya ƙishirwa ta kashe mutane, sai ya sa Antonio da Sangallo Ƙarami ya haƙa rijiya mai zurfin mita 53, da matakala biyu masu murɗewa da ba sa haɗuwa, ɗaya ta sauka ɗaya ta hawa, don alfadarai masu ɗaukar ruwa kada su yi karo. An gama ta a 1537. Yaron da ya taka matakan nan 248 ya ji sanyin ƙasa a jikinsa ya fahimci abin da zama a kan dutse ke nufi fiye da wanda aka karanta wa littafi. Amma sauka da hawa da tambayoyin da za su biyo baya suna cin rabin yini, jadawalin gari uku kuma ba ya ba da rabin yini.

Mutanen wuraren ma suna da nasu labarin, kuma suna faɗinsa ga mai lokacin saurare. A Monticchiello, ƙaramin ƙauye kusa da Pienza wanda rushewar kashi-mu-raba ta kwashe masa jama'a, mazauna sun fara tun 1967 suna tsara wasan kwaikwayo a kan rayuwarsu, su rubuta tare, su kuma fito da kansu a dandalin ƙauyen. Sun yi wasa a kan barin gona, da tuna yaƙin 1944, da tsufan al'umma, da gine-ginen da ake yi don baƙi, da yawon buɗe idon kansa. Ana yin wasan ne daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, bayan faɗuwar rana, cikin harshen Italiyanci da karin maganar yankin, don haka iyalin da ke son gani sai sun nemi tikiti tun da wuri, sun kuma nemi makwanci a kusa.