Sunan Dangi da Sunan Yanka: Sharhi a kan Fim ɗin Plandemic: Indoctornation

Fim ɗin nan, wanda Mikki Willis ya fitar a Amurka cikin watan Agusta 2020, ya kafa hujjarsa bisa takardun mallakar ƙirƙira. Babban mai jawabinsa, David Martin, ya nuna cewa tun 2003 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, ta nemi takardar mallakar ƙwayar korona. Daga nan ake so mai kallo ya ɗauka annobar da ta ɓulla a Wuhan ƙarshen 2019 shiryayya ce.

Takardar kam akwai ta; inda aka zame shi ne wajen suna. Korona sunan dangi ne, kamar a ce "tsuntsu", masana suka raɗa shi a 1968 daga kalmar Latin mai nufin kambi. Ƙwayar da ke cikin takardar ita ce ta cutar SARS, wadda tsarin halittarta ya bambanta da na ƙwayar 2019 da wajen kashi 20 cikin 100. Watau an nuna shaidar sayen tantabara, sa'an nan aka ce shaho ne.

Lalle masana na jayayya a kan asalin annobar, ko kasuwar Wuhan ko ɗakin bincike, amma takardar 2003 ba ta ambaci wannan ƙwaya ba.