Da Aka Ɗauke wa Maraɗi Wuta, Ina Muke?

'Yan uwana mata, akwai wata magana da maza ke son maimaitawa a majalisa, wai mutanen Arewa ne suka hana a yaƙi Nijar a 2023. To, ban ce ƙarya suke ba. Sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ba su kwana bakwai su mayar da shi ko a shigar musu da ƙarfi. Majalisar Dattawa ta ƙi yarda. Sarki Sanusi, lokacin ba ya kan gado, ya je Yamai ya ga Janar Tchiani, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya bi bayansa, nan Kano kuma ranar Asabar 12 ga Agusta jama'a suka fito da tutocin ƙasashen biyu suna cewa ba su yarda ba. Ba a yi yaƙin ba.

Kuma a faɗi gaskiya, wannan fitowar ta fi ta Oktoba 2001 hankali nesa ba kusa ba. Waccan an fito ne don Amurka na ruwan bama-bamai a Afganistan, amma kafin a ankara abin ya juye kan maƙwabta, aka ƙona shaguna, aka yi asarar rayuka a cikin garinmu. Don Allah me mai shago a Sabon Gari ya sani game da Kabul?

Sai dai ga inda nake da ja. Ranar da aka ga tankoki ba za su tafi ba, kowa ya naɗe tutarsa ya koma gida, alhali an riga an rufe iyaka, Nijeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da suke sha. Ke da kike uwa ki auna. Asibiti babu wuta, ga mai naƙuda a kwance, ga allurar yara da sai cikin sanyi take zama, ga motocin abinci da magani jibge a bakin iyaka. Janar ba zai kwana a duhu ba, yana da janareta. Mai sayar da ƙanƙara a Maraɗi ita ce ta ji a jikinta. Haka aka tafi har 24 ga Fabrairu 2024 kafin ECOWAS ta ɗage takunkumin, wata bakwai babu kaɗan, iyakarmu kuwa sai a Maris aka buɗe. Ina masu tutoci duk tsawon lokacin nan?

Abin ya fi yi mini ciwo ne don mu a Koki ba baƙin Nijar ba ne. Unguwar fatake ce, a nan Alhassan Ɗantata ya zauna, Agalawa kuwa asalinsu daga wajen Azbin suka gangaro. Shiga gida goma, da wuya ki rasa mai 'yar uwa da ke aure a Damagaram ko Maraɗi. Da an rufe Jibiya da Maigatari, a tukunyarmu ake fara gani. Amma ba a neme mu ba, mu ma ba mu nemi kanmu ba. Muna da adashi, muna da Islamiyya, muna iya tara mata ɗari biyu a yinin biki cikin anko iri ɗaya, wallahi har da mai zuwa daga Zariya.

Ku dubi matan Laberiya a 2003. Leymah Gbowee Kirista ce, Asatu Bah Kenneth Musulma kuma 'yar sanda. Suka haɗa matan kasuwa da matan gida, suka sa fararen kaya suka zauna a fili kusa da kasuwar kifi ta Monrobiya, rana da ruwan sama, wata da watanni. Da aka koma sulhu a Akkara maza suna ta jan ƙafa a otal, sai matan suka bi su can suka zauna a bakin ƙofar zauren suka hana kowa fita. Ranar 18 ga Agusta aka sa hannu. Ba cewa nake mu watsar da gidajenmu mu tare a titi ba, na san wasu ko zaure ba sa leƙawa sai da izini. Naciyar nake nuna muku. Su ba su tashi ba sai da suka ga ƙarshen abin.

Akwai kuma wani ruɗani da ya shigo a lokacin, inda ƙin yaƙi ya koma tafa wa sojoji, duk wanda ya ce a tausaya wa wanda aka kifar sai a ce yaron Faransa ne. Ana iya ƙin a jefa wa Yamai bam ba tare da an ce juyin mulki daidai ne ba. Tare da Bazoum aka tsare matarsa Hadiza, mace kamarmu, uwar 'ya'ya. A Yulin 2025 ta cika shekara biyu a kulle cikin fadar, ba a kai ta gaban alƙali ba.