Ɗakin Da Igiya Ke Riƙe Da Shi A Duwatsun Hangai

A duwatsun Hangai da ke tsakiyar ƙasar Mongoliya, sanyin watan Janairu kan sauka digiri 30 ƙasa da sifili, wani daren ma ya doshi 40. A cikin wannan jaura makiyayi ke kwana da iyalinsa a wani zagayayyen ɗaki da ake kira ger, wanda mutum uku ko huɗu za su iya kafawa cikin awa ɗaya ko biyu, su kuma warware shi su ɗora a kan raƙuma ko a bayan mota idan tashi ya zo.

Ƙofa ake fara tsayarwa, kuma kudu take fuskanta, saboda muguwar iskar ƙasar daga arewa da arewa maso yamma take bugowa. Sai a buɗe bango, wanda suke kira hana, sanduna ne sirara da aka gitta kamar raga, aka ɗaure mahaɗarsu da guntayen fata maimakon ƙusa, shi ya sa yake miƙewa ya kuma naɗe. Matsakaicin ɗaki yakan ci irin wannan bango guda biyar. Daga nan wani ya tsaya a tsakiya riƙe da ginshiƙai biyu masu ɗauke da toono, wani kewayayyen katako mai ramuka a gefensa, sauran mutane kuma su riƙa cusa sandunan rufi cikin ramukan, suna maƙala gindin kowace a kan bango.

A nan ne gwanintar take. Nauyin rufi kullum waje yake tura bango, so yake ya baje shi. Abin da ya hana shi kawai igiya ce da aka zagaye bangon da ita aka ja tamau, wadda a al'ada da gashin doki ake tufka ta. In ta yi sako-sako, sanduna su zube a kan masu aiki. In an matse ta fiye da kima, rufi ya ɗago, ɗaki ya karkace. Babu ma'auni, hannu da ido ne kawai. Ni a ganina, ko don wannan kaɗai hukumar UNESCO ba ta yi kuskure ba da ta sa sana'ar yin ger cikin jerin al'adun duniya na gado a 2013.

Suturar ɗakin kuwa esgii ce, wani bargo mai kauri na gashin tumaki wanda ba saƙa shi ake yi ba. Ƙarshen damina akan taru a yi ta dukan gashin da sanduna har ya buɗe, a shimfiɗa shi a kan tsohon bargo, a yayyafa ruwa, a naɗe a jikin doguwar sanda, sannan doki ya yi ta jan naɗin a fili har gashin ya kama juna.

Da damina, lokacin da aka sauka bakin rafi, bargo ɗaya ya isa. In rana ta yi zafi sai a ɗage gindin bargon, iska ta shigo ta ƙasa ta fice ta toono. Lokacin nono ne: ana tatsar shanu da goɗiya, ana shanya cukun aaruul a kan rufi har ya bushe ƙamas. Kaka na wucewa, da zarar sanyi ya kama sosai, sai a yi yankan hunturu. Wani naman a bar shi ya daskare a waje, wani a yanka shi sili-sili a rataye ya bushe ya zama borts.

Sansanin hunturu ba a zaɓensa da wasa. Gindin dutse ake nema ta ɓangaren kudu, inda rana ke faɗa, dutsen kuma ya tare iska. Iyali kan koma wuri guda shekara da shekaru, domin kashin dabbobi da ya taru ya bushe a garken yana hana sanyin ƙasa ratsa tumaki in sun kwanta. A ƙara wa ɗaki bargo ya zama biyu ko uku, a toshe gindinsa. Murhun ƙarfe yana tsakiya, bututunsa ya fita ta toono; itace yake ci inda akwai daji, inda babu kuwa sai argal, busasshen kashin shanu. Irin wannan wuta saurin mutuwa gare ta, don haka kafin asuba ruwan buta ya zama ƙanƙara, kuma mafi yawan lokuta uwargida ce ke fara fitowa daga bargo ta hura. Ruwan shayi ma daga ƙanƙarar kogi ake sarowa a narkar.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka hunturu ne abin tsoro, amma makiyayan sun fi shakkar bazara. Dabbobi sun rame, ciyawa ba ta fito ba, ga haihuwa ta zo, har jariran tumaki a cikin ɗaki ake ɗumama su kusa da murhu. Ga kuma guguwa mai ƙura. Akwai igiya da ke rataye daga tsakiyar toono; in iska ta haukace sai a sauko da ita a ɗaura mata ƙaton dutse, nauyinsa ya danne rufin. Duk da haka akwai shekarar da dabara ba ta isa: bala'in sanyi da suke kira zud ya hallaka dabbobi fiye da miliyan 7 a hunturun 2009 zuwa 2010, iyalai da dama suka naɗe ger suka nufi gefen birnin Ulanbator.

Waɗanda suka tsaya sun ƙara abu ɗaya a cikin kayan tashi. A ƙarƙashin wani shirin gwamnati da Bankin Duniya ya tallafa, zuwa 2012 an raba wa makiyaya na'urorin sola fiye da 100,000. Faranti ɗaya da batir na kunna ƙwan fitila da talabijin, su kuma cika waya, ta haka ake jin hasashen yanayi da farashin gashin awaki kafin a kai shi kasuwa. Ranar ƙaura, a naɗe farantin cikin bargo don kada ya fashe a hanya.