Shari'ar Musa a Gidan Kirista: Wacce Ake Ɗauka, Wacce Ake Bari?

Tun manzannin Yesu suna raye aka fara wannan gardama. Ayyukan Manzanni sura 15 ta ba da labarin taron Urushalima, wajen shekara ta 49, inda wasu suka dage sai an yi wa masu bi daga cikin al'ummai kaciya, an ɗora musu Shari'ar Musa dukkanta. Bitrus ya ƙi. Yakubu ya rufe zancen da abubuwa huɗu: a guji abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci.

Duk da haka ƙura ba ta lafa ba. Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha har yau ba ta cin naman alade, tana kuma girmama Asabar tare da Lahadi, kamar yadda Sarki Zara Yakob ya tabbatar a taron Debre Mitmak a 1450. 'Yan Adventist, waɗanda suka kafu a Amurka a 1863, su ma ranar Asabar suke sujada, suna bin dokokin abinci na Littafin Firistoci sura 11.

Malaman Turai kuwa kasa dokokin suka yi gida uku: na ɗabi'a, na ibadar Haikali, da na mulkin ƙasar Isra'ila. Toma Akwinas ya shimfiɗa wannan a ƙarni na 13, Furcin Bangaskiya na Westminster ya maimaita shi a 1646. Na ɗabi'a suna nan daram, na hadaya sun cika a kan Almasihu, na mulki sun tafi tare da ƙasar. Rabon yana da amfani, sai dai Attaura kanta ba ta yi shi ba. A Firistoci 19, umarnin ƙaunar maƙwabci yana aya ta 18, hanin sa tufa mai zare iri biyu yana aya ta 19, ba wata alama a tsakaninsu. Mai karatu ne ke zaɓa, kuma zaɓin ne ya fi damuna.

A majami'u da yawa a Najeriya, dokoki biyu ake yawan tsamowa: zakka, da Maimaitawar Shari'a 22:5, wadda ake hana mata sa wando da ita. A wannan surar kuma akwai umarnin a yi wa rufin soro katanga don kada wani ya faɗo. Wa ke wa'azinsa, a ƙasar da benaye ke rushewa a kan mutane?

Zakka ta fi kowacce shan karatun rabi da rabi. Ana karanta Malakai 3:10 kafin a zagaya da kwanon baiko, ba a waiwayar inda dokar ta fito. Littafin Ƙidaya 18 ya ba Lawiyawa zakka ne domin ba su sami rabon ƙasa irin na sauran kabilu ba. A Maimaitawar Shari'a 14 kuwa, manomi da iyalinsa ne ke cin zakkar hatsinsu a gaban Ubangiji, idan tafiyar ta yi nisa ya sayar ya riƙe kuɗin ya sayi abinci a can. Duk shekara ta uku sai a tara ta a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Ke nan gwauruwa mai karɓa ce. Idan yau aka tsorata ta da la'ana don ba ta fitar da ɗaya bisa goma daga ribar ƙosanta ba, an juya dokar, ƙasa ta koma sama. Bulus da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima bai yanka wa Korintiyawa kaso ba, cewa ya yi kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa.

Ba na goyon bayan a ninke Tsohon Alkawari a ajiye. A cikinsa ne aka hana hakkin lebura ya kwana a hannun mai aiki, aka ce manomi ya bar kala a gona domin matalauci, aka hana karɓar ruwa a kan bashin talaka, aka ce a yafe bashi duk shekara bakwai. Waɗannan ba su bukatar firist ko bagade, dattijon ikkilisiya mai gona da 'yan ƙodago zai iya fara su a daminar bana. Su ne kuma aka fi saurin cewa na zamanin Isra'ila ne, alhali zakka da wando ba a ce musu haka ba.