Disulfiram da hodar iblis: alƙawarin ya fi hujjar girma

Idan kana bibiyar labaran kimiyya, wataƙila ka ci karo da maganar cewa nan gaba kaɗan za a riƙa gwada ƙwayoyin halittar mai shaye-shaye, a zaɓa masa maganin da ya dace da jikinsa. Magana ce mai daɗin ji. Amma bari mu ɗauki wani misali da ake kafa hujja da shi, wato disulfiram, mu ga ko ya kai yadda ake zuzuta shi.

Disulfiram tsohon magani ne. Masu bincike a Danmak ne suka gano aikinsa a shekarun 1940, hukumar FDA ta Amurka kuma ta amince da shi a 1951 da sunan Antabuse. Idan mutum ya sha giya, hanta kan mayar da ita wani sinadari mai guba da ake kira asetaldehayid, sannan enzayim ɗin ALDH ya narkar da gubar. Maganin yana toshe wannan enzayim ne. Sai guba ta taru, fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga tashin zuciya da amai. Mutane da yawa a China da Japan da Koriya sun gaji nau'in ALDH2 mai rauni, shi ya sa jarabar giya ta fi ƙaranci ga masu ɗauke da shi. Ka ga a nan gado da magani hanya ɗaya suka bi.

To, ina ruwan hodar iblis? Ashe disulfiram yana kuma toshe wani enzayim mai suna DBH. Aikin DBH shi ne mayar da dofamin zuwa norepinefirin, kuma duka biyun sinadarai ne masu isar da saƙo a ƙwaƙwalwa. Enzayim ɗin yana buƙatar jan ƙarfe kafin ya yi aiki, maganin kuma sai ya kame jan ƙarfen. Tunda hodar iblis tana wasa da waɗannan sinadarai, aka yi hasashen toshe DBH zai rage sha'awarta. A 2013 Thomas Kosten da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa maganin ya fi amfanar masu nau'in gadon da ke samar da DBH yadda aka saba.

Matsalata ta farko ita ce yawan waɗanda aka gwada: mutum 74 ne kacal, kuma dukkansu suna karɓar methadone. Raba mutum 74 gida biyu bisa gado, ka raba kowane gida tsakanin masu shan magani da masu shan ƙwayar wofi. Me ya rage? Da irin wannan adadi, dace kawai na iya kama da sakamako.

Ta biyu, an gwada nepicastat, maganin da aka ƙera don ya toshe DBH kai tsaye, bai kuwa cimma abin da aka sa rai ba. Har yanzu FDA ba ta amince da ko magani ɗaya don jarabar hodar iblis ba.

Ta uku ita ce ta fi damuna. A binciken Richard Fuller na 1986 kan maza 605 masu jarabar giya, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai suka riƙa shan maganin yadda aka ce. Enzayim ba ya toshuwa da ƙwayar da ke ajiye cikin kwalba. Disulfiram ya fi aiki idan akwai mai sa ido kullum, mata ko ɗan'uwa ko ma'aikacin lafiya. Gwajin gado bai warware wannan ba.

Ƙari a kan haka, yawancin binciken gado an yi shi ne kan masu asalin Turai, alhali Afirka ce ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin halitta.

Ban ce a daina binciken ba, domin ilimin enzayim ɗin gaskiya ne. Amma idan wani ya ce maka gwajin gado zai zaɓa wa ɗan'uwanka magani, tambaye shi: mutum nawa aka gwada, su wane ne, kuma wasu sun maimaita sun samu haka? Sannan kada ka taɓa ba wa mutum disulfiram a ɓoye cikin abinci. Idan ya sha giya a kai, abin na iya kaiwa ga rasa rai.