Kiwon Tsutsar Malam-Buɗe-Littafi a Ajin Nazare

Kiwon tsutsa a aji hanya ce ta nuna wa ƙananan yara matakai huɗu na rayuwar malam-buɗe-littafi: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin ɓawo, sannan fitowa da fukafukai. A Amurka da Ingila makarantu kan sayi tsutsar a kofin roba haɗe da abincinta. Manufar ilimi ta Najeriya ma ta buƙaci a cusa wa yaron da bai shiga firamare ba son bincike ta hanyar duba halittu, amma a azuzuwa da yawa darasin bai wuce hoton jikin bango ba, yara suna bin malama da haddar sunayen Turanci.

Makarantar da ke Gyadi-Gyadi ko wata unguwa a ƙaramar hukumar Tarauni ba ta buƙatar odar komai daga waje. Iri biyu na malam-buɗe-littafi ne suka fi sauƙin samu. Na farko mai ruwan goro ne da baƙin gefe, yana ƙwai a ganyen tumfafiyar da ke fitowa a kangaye da bakin titi. Tsutsarsa tana da zanen baƙi da fari da rawaya, kuma ɓawon da take kwanciya a ciki yana reto da ɗigon ruwan zinare. Sai dai nonon tumfafiya yana cutar da ido, don haka ba ganyen da za a miƙa wa ɗan shekara 4 ba ne.

Na biyu, wanda ya fi dacewa da aji, shi ne babban nan baƙi mai ɗigon rawaya da ke bin bishiyar lemun tsami a cikin gidaje. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, abin da ke sa masu cinta su wuce ta. Bayan ta saɓa sau huɗu sai ta koma koriya shar. In an taɓa ta, takan turo wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, mai ɗoyi, kuma nan ne aji yake kaurewa da ihu. Da ta ƙoshi sai ta daina ci, ta hau tsinke, ta ɗaure kanta da zaren da ta saƙa, ta sandare. Daga ƙwai zuwa tashi akan yi wata ɗaya ko fiye kaɗan.

Kayan aikin ba su da yawa: roba mai faɗin baki, ƙyallen gidan sauro a madadin murfi, tsinke, da ɗanyen ganye kullum daga irin bishiyar da aka samo ta, domin tsutsar lemo gwamma ta mutu da yunwa da ta ci ganyen mangwaro. Ana zubar da kashinta kowace safiya, a kuma nisanta robar daga rana da tururuwa. Feshin maganin sauro, musamman fiya-fiya, kan kashe ta a dare guda. Wani lokaci kuma ƙuda ko ƙaramin zanzaro ne zai fito daga ɓawon, don tun a bishiya ya yi mata ƙwai a jiki. Malamar da ta ɓoye wannan ta yi asarar rabin darasin.

Lokaci ma abin lura ne. Tsutsa ta fi yawa da damina, dogon hutu kuwa yana cinye Agusta, don haka Yuni da Yuli, ko Satumba zuwa Oktoba, su ne damar. Da sanyin hunturu girmanta kan yi jinkiri.

Babban cikas shi ne ƙyama, domin a gida an saba haɗa kowace tsutsa da gizaka mai sa ƙaiƙayi ko mai cinye masara. Duk da haka Hausawa sun daɗe da sanin amfaninta: zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi daga saƙar wata tsutsar daji ake samunsa, bayan an dafa da ruwan toka.

Idan malam-buɗe-littafin ya fito, fukafukansa a jiƙe suke kuma a tattare. Akan bar shi awa biyu ko uku su miƙe su bushe, sannan a buɗe robar kusa da bishiyar da aka samo tsutsar.