Burtu da Zubin Zamani

Tun kafin dazuzzukan Bagega da Gando su zama wuraren da ake shiga da fargaba, maharbin ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, kamar takwaransa na ƙasar Nufe, ya san burtu. Itace mara nauyi ake sassaƙawa, a fitar da lanƙwasasshen wuya da dogon baki na wannan baƙin tsuntsu mai kiwo a ƙasa. Wani ma ƙoƙon kan tsuntsun na gaske yake ɗorawa. A lulluɓe shi da fata, a manna masa jan idon zakara, a sa maɗauri.

Burtu ba ya rufe fuska, a goshi yake zama. Maharbi ya yafa baƙin zane, ya duƙa, yana tafe yana kaɗa kai kamar mai tsintar fara, har barewa ta saki jiki ya kai inda kibiya za ta same ta. Rabin aikin na masassaƙi ne, sauran yana wuyan maharbi da gwiwoyinsa. Haka abin yake a tashe: auduga kaɗan a haɓa ta ishi yaro zama tsoho in ya iya rawar jiki. Dodon wasan da fataken Hausawa suka kai Wagadugu a ƙarni na 19 ma da ƙwarya ake yi masa kai.

Masu haɗa kayan fim a Turai da Amurka wata hanya suka bi. Sukan gina fuskar da suke so da yumɓu, su kwarara mata silikon, ya daskare kamar roba, su ɓare shi ɗauke da kowane tsagi. Sai a gauraya ruwan rezin kala biyu, a zuba ciki, a yi ta jujjuyawa har ya bi bango ya sandare, a goge, a yi fenti. Mai zubin tukunyar alminiyam zai gane dabarar nan take, sai dai shi yana rushe yashinsa bayan kowace tukunya, silikon kuwa ya yi ta haifo kwafi iri ɗaya.

A ganina zubin yana da wurinsa: fim ɗin tarihi mai buƙatar maharba ashirin, ko gidan adana kayan tarihi da ke tsoron gara. Amma in Kannywood ta ɗauka, kada ta tsaya a nan. Ɗan wasan da aka ɗaura wa burtun rezin ya miƙe tsaye ƙiƙam ba zai ruɗi ko zabo ba, sai an nemo tsohon maharbi ya koya masa duƙawa.